Ƙugiyar Gishiri

Sunansa Bukar, amma a Zinder in ba ka ce Bukar Mai Mashin ba, sai a yi ta nuna maka gidajen Bukar iri-iri har ƙafarka ta gaji. Shekara goma sha tara ya yi yana zama a gindin wata bishiyar bedi, a hanyar da ke gangarawa Kasuwar Dole, da ɗan teburinsa da tsohon mashin ɗin buga rubutu, yana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Da yawa sun ɗauka a gindin bishiyar nan ya fara. Ba nan ya fara ba. Yana da biro nasa, wato ofis, da kujera mai hannu, da makulli a aljihu, kuma ni ce na raba shi da su, da wani ɗan layi da tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sunana Raliya, malamar shimi ce ni, wato ilimin sinadarai. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa zan ba da labarin nan idan lokaci ya yi, har mai labarin ya rasu.

An haife shi a unguwar Birni, a gidan dukawa. Mahaifinsa Malam Habu yana ɗinkin takalma da kube da gafaka, kuma an ce in ya ga ɗinki ɗaya ya kauce a cikin ɗari, sai ya warware duka. Bukar ya yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, daga nan karatu ya tsaya, ba don kai ba sai don hali. Wani tsohon akawu maƙwabcinsu ya ga yaron yana da tsabtar hannu, ya zaunar da shi gaban mashin. Aikinsa na farko a wani biro ne da ke buga ƙananan littattafan Hausa na yaƙi da jahilci. A lokacin a kan istansil ake bugawa, wata takarda mai kamar kaki wadda harafin mashin ke hudawa, sannan a ɗaura ta a inji a yi ta juyawa da hannu, tawada na bi ta hudojin, a fitar da ɗaruruwan kwafi.

To, mashin ɗin na Faransa ne, bai san Hausa ba. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Sauran masu bugawa sukan bar su haka nan, su ce mai karatu zai gane. Bukar ya ce wannan lalaci ne. Ya je gida ya ɗauko basillar mahaifinsa, ya wasa bakinta, kuma duk shafin da ya gama sai ya shimfiɗa istansil a jikin taga, ya bi harafi-harafi yana lanƙwasa wa kowane ƙugiyarsa da hannu. Ana yi masa dariya, shi kuwa amsarsa ɗaya ce har ya tsufa: "Ku rubuta 'mu so ƙasarmu' ku bar ƙugiya, ku ga abin da kuka ce wa mutane su so. Kasa fa maciji ce."

Da aikin biron nan ya ja baya, sai ya koma wata kolej mai zaman kanta a Sabon Gari, wadda ba zan kama sunanta ba. A nan na same shi a 1999. Ina da shekara ashirin da huɗu, na fito daga Yamai da takardata ta jami'a mai zafi, kaina kuwa ya fi ƙofar ajin girma. Shi siriri ne, mai ɗan furfura a gemu, kullum da hula ɗaya da gilashi ɗaure da zare. Ban ko lura da shi ba sai ran da ya buga mini gwajin farko na ƴan aji uku.

Na ɗauki takardun, na duba, jinina ya hau. Duk inda na rubuta Cl⁻, ya buga Cl, ya bar ɗan layin da ke sama. Na shiga bironsa ko sallama ban yi ba.

"Malam Bukar, ina alamar da na sa a nan?"

"Wace, Madam?"

"Ga ta, a kan l ɗin, daga sama."

Ya tashi ya kai takardar bakin taga, ya ɗaga gilashi, ya sauke. "Af," ya ce. "Wallahi na zaci kashin ƙuda ne. Saura kaɗan in kankare miki."

Na ce masa, da muryar da har yau nake jin kunyarta, aikinsa shi ne ya buga abin da ya gani, ba abin da ya zata ba. Mutumin da ya haife ni a shekaru. Bai ɓata rai ba. Ya jawo mini kujera ya ce, "Gaskiyarki. Amma ki taimaka ki gaya mini ko mene ne, don hannuna ba ya riƙe abin da kaina bai sani ba."

Na zauna ne don in nuna masa iyakarsa, sai na tarar ina koyarwa. Na ce C babba da l ƙarama alamar kulor ce. Shi kaɗai, iska ce mai launin kore-kore, mai shaƙe mutum, danginsa ne ke sa jabel, ruwan wankin nan mai faranta tufafi, wari. Kowace ƙwayarsa tana da wasu ƴan mitsitsin abubuwa goma sha bakwai da ake kira elektaron. Amma yana da kwaɗayin ƙarin ɗaya. In ya samu, misali ya karɓa daga sodiyom, sun zama goma sha takwas, sai ya natsu, ya daina cutarwa. A nan ne ake kiransa kulorur, a rubuta shi Cl⁻, da ragi ɗaya a kafaɗa. Shi ne rabin gishirin da ke cikin miya, yana cikin mangul, yana cikin gumi da hawaye da jinin kowa.

"Tsaya, Madam," in ji shi. "Ƙari ya samu, amma aka sa masa alamar ragi?"

Na ce ai shi elektaron ɗin lantarkinsa na ragi ne, don haka wanda ya ɗauki ɗaya fiye da nasa, ragi ɗaya ke kansa.

Ya juya basilla a yatsu. "Ikon Allah. Wato wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, da alamar ragi yake yawo." Sai ya sake duban takardar, fuskarsa ta washe kamar ya gamu da ɗan garinsu a tasha. "Ashe ƙugiya ce! Ba ita guba, da ita gishiri. Ai da kin ce mini ƙugiya ce tun farko."

Ran nan bai tafi cin abinci ba. Ya yaga istansil ɗin, ya sake bugawa daga farko. Mashin ɗin yana da layinsa, amma ya ce ya yi tsawo kuma ba ya tsayawa inda ya kamata, don haka da basilla ya zana kowane ɗaya. Tun daga ranar sunan alamar a bakinsa ƙugiyar gishiri. Yara suka ɗauka. Matarsa Kulu ta gaya mini daga baya cewa in miya ta yi lami, ba ya cewa ba gishiri, sai ya ce, "Kulu, yau an bar ƙugiya."

Shekara biyar muka yi aiki tare. A cikinsu sau uku ya kama ni na manta alamar, sau uku yana zuwa bakin aji ya tsaya, ya jira in fito, ya nuna mini da ɗan yatsa ba tare da ya ɗaga murya ba. Ina gyarawa, ina godiya a fatar baki. A zuci kuwa haushi nake ji, don wanzami ba ya son jarfa. Mai aji shida ne ke gyara wa mai takardar jami'a, kuma kullum shi ke da gaskiya.

A 2004 makarantu huɗu suka haɗu za su yi wa yaransu jarrabawar gwaji kafin BEPC, jarrabawar gama kolej, yara wajen ɗari shida. Aka ce ni zan tsara ta shimi. A shekarar kuma na ajiye takarduna na neman shiga aikin gwamnati, kuma rahoton ansifekta, mai duba aikin malamai, shi zai ce a ɗauke ni ko a bar ni. Ina da ciki wata bakwai. Watan Afrilu ne, zafi kamar a gasa mutum, famfon unguwarmu ya yi kwana tara bai ɗiga ba. Ba uzuri nake kawowa ba, ina faɗin yadda abin yake ne. Na rubuta tambayoyin cikin gaggawa. Ta uku tana cewa, elektaron nawa Cl⁻ ke da shi? Amsa goma sha takwas. Sai dai hannuna ya rubuta Cl, ya wuce.

Ranar Talata da hantsi ina tsaye a ƙofar labo, ɗakin gwaje-gwajen shimi, da wasu malamai biyu maza daga wata makarantar, sai ga Malam Bukar da ambulan a hannu. Ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya saba. Na ce ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Madam, wuri ɗaya ne. Ƙugiyar gishiri..."

Ɗaya daga cikin baƙin ya tuntsire da dariya. "Ƙugiyar me? Ashe a nan mai mashin ke koyar da shimi!"

Kunya ta rufe ni, ta juye ta zama fushi. Ko kallon takardar ban yi ba. Na ce, "Malam Bukar, na gaya maka tun ranar farko. Buga abin da ka gani."

Ya ɗan tsaya, kamar zai ƙara magana. Sai ya ce, "To, Madam," ya juya. Takardar jarrabawa amana ce mai sa hannu, mai bugawa ba shi da ikon ƙara mata ko ɗigo. Ya zo ya tambaya an kore shi, don haka ya buga abin da ya gani.

Abin da ya biyo baya ba shi da wuyar ganewa. Yaran da suka fi natsuwa suka ga Cl ba alama, suka rubuta goma sha bakwai, kuma daidai suka yi. Takardar amsoshin da na ba masu gyara tana cewa goma sha takwas. Aka yi ta zabga musu sifiri. Mahaifin wata yarinya, mai kantin magani ne, ya san abin, ya ɗauko takardar ɗiyarsa ya zo makaranta yana faɗa. Kafin la'asar magana ta kai sauran makarantun, aka ce a soke jarrabawar a sake. Direktanmu, Mushe Mahamud, wato Malam Mahamud a Faransance, ya aiko cewa gobe da safe ansifekta zai zo, in kawo ainihin rubutun hannuna a gwada da abin da aka buga.

Ambulan ɗin yana wurina, an mayar mini bayan bugawa. Da safe na shiga labo, ba kowa, na buɗe. Ga tambaya ta uku, ga Cl tsirara. Na daɗe ina kallonta. Na tuna takarduna da ke Yamai, na tuna abin da ke cikina. Na ciro bik, alƙalamina, daga jaka na ja ɗan layin. Bai ɗauke ni numfashi biyu ba.

Mu huɗu ne a biron direkta. Ansifekta ya duba rubutuna, ya duba bugun, ya miƙa wa Malam Bukar. Ya karɓa da hannu biyu. Ya tashi ya kai takardar bakin taga, daidai yadda ya yi ranar farko, ya ɗaga gilashi, ya sauke. Ya daɗe. Sannan ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, ba tsawo.

"Ga ta nan kuwa," ya ce.

"Ka yarda kenan laifinka ne?" in ji Mushe Mahamud.

"Takarda ta faɗa, Mushe."

Da ma direkta ya riga ya yi odar ordinater, wato kwamfuta, yana neman yadda zai yi da tsohon da mashin ɗinsa, sai ga mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki. Ƙarshen wata Malam Bukar ya ajiye makulli. Aka bar masa mashin ɗin, tunda ba mai so. Ya ɗora shi a amalanke, ya bi malamai ɗaya-ɗaya yana sallama. Da ya zo kaina ya ce Allah ya raba lafiya. Na ce amin, idona a ƙasa.

Aiki ba shi ne babban abin da ya rasa ba. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da shanu, abin da ya tara a duniya shi ne a ce Bukar ba ya kuskure. Yanzu gari ya ɗauka cewa idonsa ya mutu, ya ɓata wa yara ɗari shida jarrabawa. Ko a gindin bedi, in ya miƙa wa mutum wasiƙarsa, sai a sami mai tsokana ya ce, "Malam Bukar, a sake dubawa fa, kar a bar wani abu." Yakan yi murmushi ya sake dubawa, da gaske.

Ni kuwa aka ɗauke ni aikin gwamnati. Na haifi namiji. Ranar suna Kulu ta zo da ƙullin gishiri da wasu ƴan takalman fata da mijinta ya ɗinka da hannunsa. Da na ga gishirin, sai na ce magana ce ya aiko mini. Daga baya na ji cewa haka yake aika wa duk wadda ta haihu a cikin waɗanda ya sani. Mai laifi ne kawai ke jin ana kiran sunansa a cikin kukan tsuntsu.

Aka tura ni Mirriya, na yi shekara shida, na dawo Zinder. Na koyi zagaye, in zan je kasuwa sai in bi ta bayan tasha don kar in wuce bishiyar nan. Sau ɗaya kabu-kabun da na hau ya mutu daidai gabansa. Ya ɗago kai daga mashin, ya gane ni, ya miƙe tsaye.

"Madam! Wushe, wushe. Ya yaro? Ya ƙugiyarmu?"

"Tana nan, Malam Bukar."

"To madalla. A riƙe ta da kyau."

Na hau wani babur ban jira canji ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk shekara in na zo darasin nan, da kalmarsa nake koyarwa. Nakan rubuta kasa da ƙasa a allo, yara su yi dariya, sannan in rubuta Cl da Cl⁻, in ce ba ita guba, da ita gishiri. Ba yaron da ya taɓa mantawa. Har wani ansifekta ya yaba mini a rubuce, ya ce dabara ce mai kyau ta haɗa shimi da harshen gida. Na karɓi yabon na sa a jaka. Na ɗauke masa suna, na dawo na ɗauke masa magana.

Shi kuwa yana gindin bedi. Ya buga wa matan da mazansu suka rasu takardun neman fansho, ya buga wa manoman ƙauyukan Dogo da Guna ƙorafin gona, kuma in mutum ya zo a fusace zai rubuta wa ɗan'uwansa baƙar magana, sai ya ce ribon ɗin mashin ya bushe, a dawo gobe. Da goben ta yi, yawanci wasiƙar ta canza. In da Hausa ce, yana gamawa zai bi ta da bik yana sa ƙugiyoyi, ko da mai wasiƙar na tsaye yana cewa mota za ta tashi. Da wayoyi da shagunan ordinater suka cika gari, masu zuwa suka ragu, har ya zama wata rana mutum biyu, wata rana babu. Bai fasa fitowa ba. Da wannan mashin ɗin ya yi wa ɗiyarsa Wasila karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Wasilar ce ta kira ni, shekara biyu da suka wuce, bayan ƙaramar salla. Ta ce Baba na kwance a gidan likita, ƙoda ce, kuma ya tambaye ni. Na ce ina zuwa. Na yi kwana uku ina cewa gobe. Rana ta huɗu bayan la'asar na je.

Kulu na zaune a tabarma a baranda, ta tsufa, tana jan carbi. Muka gaisa, ta nuna mini ƙofa. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Idon da aka yi masa ƙarya a kansa, yanzu da gaske ya tafi. An rataye masa ledar ƙarin ruwa a gefen gado. Ya gane muryata tun daga sallama.

"Madam, kin zo a kan gaɓa. Wasila ta ce wannan abin da ake ɗura mini ruwan gishiri ne. Ni ba na gani. Duba mini rubutun jikin ledar, ƙugiyar na nan?"

Na matsa na duba. Cikin ƙananan haruffa, ga Na⁺, ga Cl⁻.

"Tana nan," na ce.

"Alhamdu lillahi. To su ci gaba da ɗurawa."

Ya yi dariya. Na durƙusa a gefen gadon. Na ce, "Malam Bukar, waccan ta jarrabawa, ba ta nan. Ni na sa ta da safen nan, a labo, kafin a kira mu."

Bai motsa ba. "Na sani, Madam. Tun a bakin taga. Shekara biyar ina bin hannunki. Taki kullum tana ɗan ɗaga kai ta dama. Waccan a kwance take, kuma an bi ta sau biyu."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na so. Har bakina ya buɗe. Sai na ga hannunki a kan cikinki. Na ce, Bukar, kai ɗaya ne kuma ka ci rabonka, su biyu ne ba su ko fara ba." Ya numfasa. "Kuma na zaci gobe za ki zo. In abin ya lafa, ki je wurin direkta ki faɗa, a gyara a tsakaninmu. Na yi ta zaton gobe."

Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi kamar wannan ba, kuma ba da faɗa ya yi ta ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Na ce ya yafe mini.

"Ban ce ban ji zafi ba," ya ce. "Na ji. Shekara biyu ban iya bin hanyar makarantar nan ba. Amma nawa na yafe tun tuni, Allah shaida. Kin tuna abin da kika koya mini? Na ɗauki abin da ba nawa ba, na yi yawo da alamar ragi. Na ce to, in dai haka ake zama gishiri, ba laifi." Ya juya kai wajen ƙofa. "Sai dai ba ni kaɗai na ɗauka ba. Wasila an kira ta ɗiyar mai ɓata jarrabawa har ta gama kolej. Kulu kuma har yau ba ta sani ba. Nasu ba nawa ba ne da zan yafe miki. Ba zan ce ki je ba, Madam. Tana baranda dai."

Na fito. Wallahi, ko a lokacin, abin da zuciyata ta fara ce mini shi ne yau ba ta dace ba, matar nan na cikin jinya, a bari sai gobe. Na ji kalmar a bakina kamar ɗacin maɗaci. Na cire takalmi na zauna a bakin tabarmarta, na ce a kira Wasila. Na faɗa musu duka, tun daga ƙofar labo har bik.

Wasila ta tashi ta shiga ɗakin mahaifinta. Kulu ta ajiye carbin a cinya.

"Shekara goma sha tara," ta ce, "ina ba shi haƙuri. Ina ce masa, Malam, kowa na kuskure, ɗan Adam ne kai. Shi kuma yana ce mini haka ne, Kulu." Ta juyo ta dube ni. "Yara ɗari shida aka gaya wa ya ɓata musu jarrabawa. Su da iyayensu. Ke kin gaya wa mutum biyu. Sauran fa?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ɗauki butarta ta tafi alwala.

Ya rasu bayan kwana biyar, ranar Alhamis da hantsi. Na je gaisuwa, Kulu ta amsa mini kamar yadda ta amsa wa kowa, ba ƙari ba ragi. Ban nemi fiye da haka ba. Na je na sami Mushe Mahamud a gidansa, ya tsufa ya yi ritaya, na gaya masa. Ya riƙe baki, ya ce Allah ya jiƙan Bukar, sannan ya tambaye ni ko wace shekara ce ma abin ya faru. Bishiyar bedi na nan, wani mai sayar da katin waya ya kafa lema a wurin.

Yanzu in na zo darasin nan, nakan rubuta Cl a allo in ajiye alli. In gaya wa yara wanda ya raɗa wa alamar suna, da basillarsa, da abin da malamarsu ta yi masa. Wasu sukan sunkuyar da kai don kunyata. Sai na gama nake ɗaukar alli in ja layin. Amma ajina mutum sittin ne, kuma ba su aka yi wa ƙaryar ba.

Waɗancan yara ɗari shida yanzu manya ne, wasu a Zinder, wasu a Yamai, wasu Allah kaɗai ya san inda suke. Idan kana cikinsu, ka zauna jarrabawar gwajin shimi a watan Afrilun 2004, ka rubuta goma sha bakwai a tambaya ta uku aka ba ka sifiri, to amsarka daidai ce. In kuma ka taɓa ce wa wani wai tsohon mai mashin ne ya ɓata muku, ka koma ka gyara masa. Malam Bukar ɗan Habu baduku bai taɓa barin ƙugiya ba. Ya zo har ƙofa ya gaya mini. Ni na bari.